Tambaya da Amsa: Me ya sa karas ɗina ya fito da ƙafa biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, gidan haya muke tsakar gidan duk siminti ne, shine nake ɗan shuke-shukena a bokitan fenti. Bara na reni karas a wani tsohon faranti kamar yadda nake yi wa tumatur da attaruhu, da ya ɗan tasa na dasa shi. Ganye kam masha Allah, amma da na tuge wani ƙafa biyu, wani ya murɗe, wani ɗan guntu duk gashi. Irin ne ba kyau ko ni ce na yi kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, wallahi na ji daɗin wasiƙar nan. Kar ki ɗora wa iri laifi, dashen ne ya jawo miki. Kinga tumatur da attaruhu 'ya'yansu muke ci, in saiwarsu ta ɗan tsinke wajen dashe sai su fitar da wasu su ci gaba abinsu. Shi kuwa karas saiwar ita ce abincin, guda ɗaya ce siririya kamar zare da take nutsawa ƙasa tun kwanakin farko, in bakinta ya tsinke ko ya lanƙwashe a gindin farantin nan to shikenan, a haka za ta yi kauri, shi ya sa kika ga mai ƙafa biyu da murɗaɗɗe. Je ki duba masu noman rani a Zariya ko Jos, a fangali suke yafa shi kai tsaye.

Dan haka bana ki zuba irin a cikin bokitin da zai girma. Zurfinsa ya kai santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta, bokitin fenti babba ko jarkar lita 25 da aka yanke wa kai duk sun yi, ki huda gindin da ƙusa mai zafi wuri biyar ko shida saboda ruwa ya riƙa fita. In kina sayen iri ki nemi Nantes ko Chantenay, ba su cika tsawo ba.

Ƙasar ita ce inda nake so ki ɓata lokaci. Ki samu mai yashi kashi biyu, takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai kashi ɗaya, ki tankaɗe da tsohuwar rariya kamar garin tuwo, domin ɗan tsakuwa guda ya isa ya raba saiwa biyu. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki kuma ki nisance shi, shi ma yana sa karas ya rarrabu ya yi gashi, takin zamani irin su yuriya in ya yi yawa ganye kawai zai ba ki.

Irin ƙanana ne sosai, ni nakan cakuɗa shi da busasshen yashi in yafa, in rufe da ƙasa 'yar kaɗan da ba ta wuce santimita 1 ba, sai in shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a sama. Yana da nawar fitowa, kwana 10 har zuwa 21, kuma in saman ƙasar ya bushe a tsakanin nan an yi asara, to yayyafi safe da yamma, ranar da kika ɗaga buhun kika ga 'yan koren zare biyu-biyu sun leƙo ki cire shi. In sun kai tsawon yatsa ki rage su, tsakanin kowane biyu ya zama faɗin yatsu uku. Na san da ciwo, amma wanda kika cire kar ki ce za ki dasa a wani bokitin, abin bara za a maimaita.

Lokaci kuma hunturu, ki shuka a Nuwamba, cikin kwana 70 zuwa 90 kin tuge kafin zafin Maris ya shigo. Ki ajiye inda zai samu rana kamar awa shida. Kar ki bar shi ya bushe ƙarau sannan ki kwarara masa ruwa, tsagewa yake yi. In kafaɗarsa ta leƙo waje ki tura mata ƙasa, in ba haka ba ta koma kore da ɗaci.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa daga Maraɗi. Dankali fa, zai yi a buhu?

AMSA: Zai yi ƙanena. Dankalin Hausa yaɗonsa ake yankowa kamar santimita 30 a binne rabi, buhun shinkafa babba ka huda gindinsa ka dasa biyu kacal, bayan wata huɗu ka farke buhun ta gefe ka kwashe.