Amsar Malam: Taswira ce ko daidaita adireshi?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta direban na'ura, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, a Linux. Na ji ana cewa sai an yi wa ma'ajiya "taswira" kafin DMA ta fara aiki. Shin kalmar ta dace? Kuma me ya sa direban da ya yi lafiya a furosesa irin x86 ke ɓata bayanai a irin ARM? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ba ta dace ba, ɗana. Taswira aro ce daga Larabci, asalinta surantawa, kuma a nan babu abin da ake zanawa.

DMA hanya ce da katin intanet ko faifan ajiya ke zuba bayanai kai tsaye cikin RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita, ba sai furosesa ta ɗauko ta sauke ba. Sai dai wuri guda a RAM yakan amsa adireshi har uku: wanda manhaja ke gani, na ainihi a jikin RAM, da wanda na'urar ke kira. Aikin direba shi ne ya miƙa wa na'ura wanda take ganewa. Shi ya sa na fi son "daidaita adireshi". Mai fassara tsakaninsu kuwa, IOMMU, wadda Intel ke kira VT-d, ARM kuma SMMU, ni tafinta nake ce mata, kuma tafinta ce mai hana na'ura leƙa inda ba a aike ta ba.

Wata na'urar hannunta gajere ne. Ta tsohuwar hanyar ISA, mai adireshin bit 24, ba ta wuce megabait 16 na farko. Mai bit 32 takan tsaya a gigabait 4. In kayan suna can sama kuma babu tafinta, sai Linux ta fara kwafe su zuwa inda hannun ke kaiwa. Wannan wuri ni zango nake ce masa, domin sauka ake yi a tashi.

Ka kuma tambayi dalilin da direban da ya yi lafiya a x86 ke ɓata bayanai a ARM. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wato kowa da ɗabi'ar da ya taso da ita. A x86 injin da kansa ke daidaita ƙaramar ma'ajiyar furosesa da RAM. A ARM da dama kuwa sai manhaja ta zazzage ta kafin na'ura ta karanta, in ba haka ba tsohon bayani za ta kwasa. Don haka kada ka lissafa adireshi da kanka. Kira umarnin Linux mai suna dma_map_single, wanda ke kula da adireshin da zazzagewar, in an gama ka saki da dma_unmap_single.