Tambayoyinku: wane takalmi zan saya wa Baba mai ciwon suga?

Wani ɗan'uwa daga Mabera a Sakkwato ya turo cewa mahaifinshi ya daɗe da ciwon suga, yanzu har takalmi na fita daga ƙafarshi yana tafiya bai sani ba. Yana tambaya, na fata irin namu na gida zai saya mishi, ko silifas mai laushi, ko sau-ciki?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Fitar takalmin nan kar ka ɗauke ta wasa. Suga in ya daɗe yana hawa yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi a ƙafa, kuma jini ya rage isa can, shi ya sa sai ya taka ƙusa ko ƙaya bai ji komai ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa har a zo ana maganar yanke yatsa. Don haka in Baba ya gwada takalmi ya ce ai bai matse shi ba, kar ka tsaya kan maganarshi, kai ne za ka duba da idonka da hannunka.

Silifas dai a bar shi wa banɗaki, igiyar tsakanin yatsu tana gurje fata kuma gaba a buɗe yake. Na fatar nan namu wallahi ina son shi, amma sabo tauri gare shi kuma wani da ƙananan ƙusoshi ake haɗa shi. Ka nemi kambas ko sau-ciki mai faɗin gaba, mai kaurin ƙasa. Ka tafi da Baba kasuwa da kanshi, kuma bayan La'asar, don ƙafa na ɗan kumbura da yamma, ya gwada duka biyun da safa, a samu fili kamar faɗin babban yatsa a gaba. Zura hannu ciki ka shafa, in ka ji ɗinki mai kaushi ka aje shi ko da an yi maka ragi. Gwanjo ma ba laifi in cikin bai lalace ba. Kwanakin farko awa 1 ko 2 zai sa ya cire a duba ko wani wuri ya yi ja. Ka haɗa mishi da farar safa ta auduga, ita ce ke tona jini ko ruwa. Kuma kun san Sakkwato a Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, ranar Juma'a kar ya taka siminti ko kwalta ba takalmi sai ya hau darduma.

Wata uwargida mai ciwon suga daga Runjin Sambo kuma ta ce faso ke damunta da hunturu, ta sayi kirim mai tsada na kemis ko ta ci gaba da dutsen goge kaushi da reza?

Hajiya, rezar nan a jefar yau. Man kaɗanya ko basilin kullum bayan wanka ya wadatar, in da hali kirim mai sinadarin yuriya ya fi tausasa kaushi, sai dai ban da tsakanin yatsu, can so ake ya bushe, ki riƙa tsane shi bayan alwala. Ruwan wanka ki gwada da gwiwar hannu, kaskon wuta kuma nesa da ƙafa. Masu yawon yankan farce ma a haƙura da su, ki sayi nilkata taki ki yanke a miƙe, ban da ƙwaƙule gefe. Lalle kuwa, nasan za a ji haushina, yana ɓoye jan fata da ya kamata ki gani da wuri.

Sai mai tambaya ko ya sayi garin magani ya barbaɗa wa gyambon yayanshi da ya kwana biyu yana ruwa. A'a, kuɗin ka yi na keke napep zuwa asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Specialist. In akwai wari, kumburi, baƙi ko zazzaɓi, yau ɗin nan za ku tafi, kuma ya daina taka ƙafar kafin likita ya gani.