Shunin gwangwani da na baba, wai ɗaya ne?

Kai yaro, jiya ka tare ni da tambaya wai shunin Jamus na gwangwani da na ganyen baba ko abu guda ne, kuma mi ya sa ruwan karofi kore amma zane ya fito shuɗi. To guda ne. Lokacin da nike masaƙa a Kaduna wani injiniya ya zana mana fasalin ƙwayar shunin a allo, zobe mai kusurwa shida manne da mai biyar, indol suke ce mashi, biyu in sun haɗa kai shi ne shuni. Ganye sai ya jiƙa ya ruɓa yake sakin nashi, shi kuwa Bajamushe Adolf von Baeyer a ɗakin gwaji ya haɗa, ya gano fasalinshi a 1883, amma sai 1897 kamfanin BASF ya iya kai shi kasuwa. Shekara 14 fa, ku wata uku a marina kun fara neman a ce maku oga.



Maganar koren nan ce ta fama min gyambo. Shuni ba ya narkewa a ruwa, haidiro da soda, sinadaran da muke zubawa a ruwan rini, ke kwance shi ya koma kore-kore ya ratsa zare, iska na bugunshi ya dawo shuɗi ya maƙale. To saura kwana tara babbar sallah wani Buzu ya kawo min turmi 30 daga Maraɗi, na sayi haidiro wajen wani mutum da muke sahu guda a masallaci, ashe tsohon buhu ne da ya sha damina a buɗe ya dunƙule, ya dake shi ya juye a sabuwar leda. Na zuba na motsa ruwa ya ƙi juyawa, na ƙara ya ɗan yi kamar zai yi, maimakon in gwada da ƙyalle gaggawa ta ci ni na tsoma kaya duka. Kala ta hau sama-sama, wankin farko gaban mai kaya ta bi ruwa, kwata ta yi shuɗi har bakin titi yara na kallo. Tumaki biyu na saida, na haɗa da ragon layyata sannan na biya, a shekarar naman maƙwabta muka ci. Kuma wallahi mai haidiron nan har yau in mun haɗu wajen Ƙofar Marusa a Katsina shi ke fara miƙo min hannu, har da tambayar ya kasuwa.