Ku Tambaya Mu Amsa: Zan je Kwatano, ko in leƙa Wida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni saurayi ne daga unguwar Zariya nan Maradi, kawuna zai tafi da ni Kwatano sayen kaya, ya ce za mu yi kwanaki muna jiran a gama takardu a tashar jirgin ruwa. To wani abokina ya ce akwai tsohon gari a bakin teku wai shi Wida, amma wani kuma ya ce garin matsafa ne kar in kuskura. Ni ko teku ban taɓa gani ba. Don Allah me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je, kuma in kawu ya yarda ka ja shi ku tafi tare. Abin da ke ci mini rai ke nan, alhazanmu sun shekara nawa suna zuwa Kwatano, sun san kasuwar Dantokpa lungu-lungu, sun san Zongo, sun san inda ake jibge motoci, amma garin da bai wuce kilomita 40 ba yamma da su, yawancinsu ba su taɓa taka shi ba. Taksi za ka shiga ta hanyar Lome, a allo Ouidah za ka ga an rubuta. Kuɗinmu na sefa suke ci, Faransancinka na lakwal ya ishe ka.

Wida ba ƙaramin wuri ba ne a tarihi. Ta nan aka loda mutum sama da miliyan ɗaya a jiragen ruwa aka tsallaka da su teku a zamanin cinikin bayi. Masarautar Dahome ta ci garin a 1727 ta maida shi tasharta. Turawan Fotugal sun gina ganuwarsu a 1721 kuma ba su bar ta ba sai 1961, bayan ƙasar, wato Benin ta yau, ta samu ƴanci, daga baya aka maida ta gidan tarihi. Jirgin ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka, Clotilda, daga nan ya ɗauko mutanensa a 1860.

Kuma kar ka ɗauka labarin wasu ne can, da namu a ciki. A yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, zamanin da Katsinawa suka baro garinsu har suka zo suka zauna Maradi, an kama Hausawa da yawa, hannu ya miƙa wa hannu ana gangarawa da su kudu har bakin ruwa, da dama sai Bahiya ta ƙasar Brazil. A can Hausawa suka ƙulla tawaye a 1807, a 1835 kuma Musulmin da ke cikin bauta suka tashi a birnin Salvador cikin watan azumi, aka samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikinsu. Mutanen da suka yi karatun allo irin naka ne fa.

To shawarata, daga dandalin Chacha inda ake cewa nan ake cinikin mutane, akwai hanya kamar kilomita 4 har bakin teku. Masu kabu-kabu za su yi ta kiranka, ka ce musu a'a, ka taka da ƙafarka da sassafe kafin rana ta ɗaga, ka riƙe ruwa. Ka ɗauki ɗan jagora amma ku daidaita kuɗi tun kafin ku ɗaga ƙafa. Zai nuna maka wurin icen mantuwa, inda suke cewa maza na zagayawa sau 9 mata sau 7 wai don su manta gida da sunansu, da Zomayi, ɗakin duhu da ake tsare su, da ramin da aka riƙa zuba waɗanda suka mutu tun ba a kai ruwa ba. Sai ka haye gulbin da ke bayan gaɓa ka iso Ƙofar Ba Dawowa da aka gina a 1995. Ka matsa kusa ka duba saman ƙofar, an sassaƙa mutane a jere, an ɗaure su, sun fuskanci jirgi. Ka tsaya ka yi musu addu'a kafin ka zaro waya.

Maganar tsafi kuwa, gaskiya ne mutanen garin da yawa suna addininsu na gargajiya, vodun, har akwai ɗakin da suke ajiye mesa daura da babban coci, suna rataya wa baƙi a wuya a ɗau hoto. Ba wanda zai tilasta ka shiga. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka wuce abinka, kar dai ka yi musu izgili a garinsu, kar ka ɗauki hoton kowa ba izini. Akwai Musulmi a garin, akwai masallaci. Wajen 10 ga Janairu ake babban bikinsu, in ba ka son cunkoso ka kauce wa wannan satin.

Tambaya: Malam ni uwa ce daga Ali Ɗan Sofo, in na je da yara lokacin hutu za su iya wanka a tekun?

Amsa: A'a Hajiya, don Allah kar ki bar su. Tekun wajen yana da ja sosai, igiyar ruwa na janye babba ma balle yaron da iyakarsa Gulbin Maradi da damina. Su jiƙa ƙafa kina riƙe da hannunsu, shi ke nan. Ki tanadi katin rigakafin shawara na kowa da takardun yaran, ki tafi da gidan sauro. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama ya fi yawa a can. Tun 2023 kuma hanyar Gaya da Malanbil ba kamar da take ba, ki je tasha ki ji daga bakin direbobin da suka dawo kwanan nan kafin ki yanki tikiti.