Ku Tambaya Mu Amsa: Shayin Ganyen Lemu Mai Ɗaci, Zai Yi A Ƙasarmu Kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Ƙanwar maigidana ce ta yo mana tsarabar wani shayi a kwali, wai na ganyen lemu mai ɗaci ne kuma oganik, wato wanda aka noma ba tare da sinadari ba, tace yana sa barci yana rage tumbi. To ni ina da hawan jini ina shan magani kullum, zan iya sha? Sannan ganyen lemun tsamin da ke tsakar gidanmu ba zai yi ba sai an sayo na kwali?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan lemun da kike magana daban yake da lemun zaƙi da ake jibgewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa, daban kuma yake da lemun tsamin gidanku. A ido kamar lemun zaƙi yake, jajir idan ya nuna, amma kina kai shi baki zaki yamutsa fuska don ga tsami ga ɗaci. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne, Larabawa suka yaɗa shi har Andalus, shi yasa har gobe titunan birnin Sebil na ƙasar Sifen cike suke da shi, Turawan Ingila na saye suna yin jam da shi. A Maroko da Tunisiya furensa ake tattarawa a dafa a tace ruwan ƙamshi da ake sawa a kayan zaƙi, a Faragwai kuma ganyen ake tatsar mai a sayar wa masu haɗa turare. Ki tsinki ganye ɗaya ki ɗaga shi a rana zaki ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo kamar an tsattsaga da allura, to nan man yake, shi ne ƙamshin da kike ji a kofi.

Maganar barci, eh mutane da yawa a ƙasashen Larabawa da Kudancin Amurka sun daɗe suna shansa da daddare don natsuwa da kumburin ciki, abu ne na gado. Amma rage tumbi wlh kar ki ɗora ranki akai. Inda zancen ya samo asali shi ne akwai wani sinadari sinefirin a jikin ɗan lemun da ɓawonsa, da Amurka ta hana ƙwayoyin rage ƙiba na efedira a 2004 sai kamfanoni suka koma zuba wannan a madadinsa, kuma shi wannan sinadarin yana iya sa zuciya bugawa da sauri ya ɗaga jini. Kinga ke da kike da hawan jini ai ba abin wasa bane. Bayan haka ruwan wannan lemun yana iya hana jiki sarrafa wasu magunguna yadda ya kamata, har da wasu na hawan jini, sai maganin ya taru a jiki fiye da ƙima. Ki karanta jikin kwalin tukuna ko an haɗa da ɓawo, sannan ranar da zaki asibiti ki tafi da kwalin da katin maganinki ki nuna wa likita. Kafin nan ki haƙura. Mai juna biyu ma haka zan ce mata.

Ganyen lemun tsami kuwa zai yi shayi mana, iyayenmu ai sun daɗe suna jefa shi a tukunya, ƙamshin ne kawai ba ɗaya ba. Ganye uku zuwa biyar a kofi, ki wanke ki ɗan murza, ki zuba tafasasshen ruwa ki rufe kamar minti goma. Rufewar nan ita ce sirrin, in kika bari a buɗe ƙamshin ya bi tururi.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Dattijo ne ni daga Bunkure, ina da ɗan lambu kusa da kwatar ruwa, ɗana ya gani a waya wai Turawa na sayen busasshen ganyen nan da tsada. Ya ake shuka shi irin na gargajiya ba tare da takin zamani ba, kuma zai jure zafin nan namu?

AMSA: Baba barka kadai, Allah ya ja kwana. Zafi ba shi bane matsalar, itacen yana da juriya fiye da lemun zaƙi. Ruwa ne matsalar. Damunarmu wata huɗu ce in ta yi kyau, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kai ne zaka zama hadarinsa, to tunda kuna yankin da ruwan Tiga ke ratsawa kun fi mutumin tudu sa'a.

Iri daga ɗan da ya nuna sosai ake cirewa, a wanke yauƙin a shuka da ɗanyensa. Kar a shanya shi a rana kamar irin kuɓewa, ƙwayar lemu in ta bushe ƙarau da wuya ta fito. A sa a leda mai ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a ajiye a inuwa, cikin sati biyu zuwa huɗu zai tsiro, a rene shi har ya yi ƙwari sannan a dasa da farkon damuna. Rami ya yi faɗi, a cakuɗa ƙasar sama da takin shanu ko na awaki wanda ya daɗe ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. In 'ya'ya kake so ka bar mita shida tsakani, in ganye ne kawai zaka iya matse su ka dinga aske kan don kar su yi tsayi.

Kuskuren da na fi gani a lambunan mutanenmu shi ne a tara ƙasa a gindi kamar ana huɗar rogo sannan a kwararo ruwa ya kwanta a jikin itacen, haka ake jawo ciwon nan da gindi ke fitar da ƙaro yana ruɓewa. Ka yi masa kwalbati zagaye nesa kaɗan da gindin, ruwan ya tsaya a can. Ciyawa ko ƙaiƙayi da zaka shimfiɗa don riƙe laima ita ma kar ta taɓa jikinsa saboda gara, kuma kasan halin gara da rani. Awaki kuma ba sai na faɗa maka ba Baba, in babu shinge to ka shuka musu ne.

Yanzu maganar feshi, nan ne nake so ɗanka ya buɗe kunne. Lemu ana ɓare shi a yar da ɓawo, ganye kuwa shi ɗin da aka fesa shi za'a jiƙa a sha, don haka maganin ƙwarin da ake yi wa wake ko tumatir kar ya kusanci itacen nan, ko na maƙwabci in iska na kaɗowa a kula. Tsutsar malam buɗe littafi da ke cin ganyen lemu da hannu ake tsince ta. Tsutsa mai zana farin layi a sabon toho da ƙananan ƙwarin da ke nannaɗe ganye, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa ya kwana a tace a fesa da yamma, sai a bar kwanaki kafin a tsinka don ɗacin ya fita.

Daga shekara ta biyu zuwa ta uku zaka fara tsinka kaɗan-kaɗan, ganyen da ya ƙosa, da safe bayan raɓa ta bushe, kar ka yi masa tsirara. 'Ya'ya kam sai ka yi haƙuri, na iri yakan kai shekara biyar ko fiye. Shanya a inuwa akan tabarma mai tsabta a ɗakin da iska ke shiga, rana tana cinye launi da ƙamshi, ƙurar hunturu kuma ta ɓata kaya.

Batun Turawa kuma a bi a hankali. Su kalmar oganik a wajensu takarda ce, sai masu bincike sun zo sun duba gona, kuma ga itatuwa a Turai sai an yi shekara 3 ba'a sa sinadari ba kafin su yarda, ga kuɗin takardar ba kaɗan ba. Ko a nan gida in zaka ƙulla a leda da suna ka kai shaguna sai da rajistar NAFDAC. Ni dai da ni ne, guda goma zan jera a gefen lambu in gwada masu shayi da matan da ke haɗa kayan ƙamshi a Kano, albasa da tumatir ɗina suna nan inda suke. Don samun dashe na gaskiya ka leƙa reshen cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari ta NIHORT da ke Bagauda tunda ba nisa da ku, ko ka tambayi malamin gona na hukumar aikin gona ta jihar Kano, KNARDA.

TAMBAYA: Malam na sayi lemun zaƙi ɗan aure na dasa a gida nan Birnin Kudu, saman ya bushe sai wani ya fito daga ƙasa mai ƙaya, yanzu yana 'ya'ya amma tsami kamar me. An cuce ni ne?

AMSA: A'a ɗan uwa babu wanda ya cuce ka. Ɗan aure itace biyu ne, sama mai zaƙi ƙasa mai juriya, naka saman ya mutu gindin ya ci gaba da rayuwarsa. Lemu mai ɗaci ya daɗe yana wannan aikin na gindi a duniya, sai da cutar tiristeza ta kashe miliyoyin itatuwa a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940 aka fara komawa wasu irin, don haka naka zai iya zama shi ko wani ɗan uwansa. Duba inda ganyen ya haɗu da reshe, in akwai wani ɗan ƙaramin ganye mai faɗi kamar fiffike a wuyansa kuma ɗan yana yin ja in ya nuna ga ɗaci, to da alama shi ne. Kar ka sare, ko ka sha shayinka ko ka nemo mai aure ya sake ɗora maka mai zaƙi akai da farkon damuna.