Kananzir ɗin da na ajiye tun bara, har yanzu zai yi a fitila?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Agege nake, ina da jarkar kananzir lita 10 da na ajiye tun kafin azumin bara saboda ɗauke wuta. Yanzu ya ɗan yi ruwan ɗorawa, fitila kuma sai hayaƙi. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga masa fetur kaɗan zai dawo daidai. Ga yara ƙanana a ɗaki, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kananzir mai kyau, in jarkar tsaf take, murfi a ɗaure, tana inuwa, yana kai shekara ɗaya lafiya lau, wani ma ya wuce. Farin man fitilar nan na kwalba ya fi shi jimawa in ba a buɗe ba. Abin da ke ɓata shi a nan Legas danshi ne, musamman da damina in jarka rabi ce, ruwa ya taru ya kwanta a ƙasa har dauɗa ta fito. Ki ɗiba a farar kwalba ki bar shi ya kwana, in kin ga ruwa a ƙasa ko ya gurɓace, to ya tashi aiki. Hayaƙin kuma wani lokacin lagwani ne kawai, ki datse shi ko ki canza.

Maganar fetur ɗin nan kuwa, don girman Allah kar ki yi, ko cokali ɗaya. Kusan kullum sai na ji wannan zancen kuma wallahi yana ƙona min rai. Kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya kai zafin digiri 38 ko sama, shi ya sa yake zaune lafiya a cikin fitila wuta na ci a samansa. Fetur kuwa ko a sanyin da ya kai 40 ƙasa da sifili tururinsa yana kamawa, balle a zafin ɗakinmu, to kina haɗa su tankin fitilar ya cika da tururi, ki ƙyasta ashana ta fashe miki a fuska, ga zani ga katifa ga yara suna barci. Kuma tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya tarar da risho a can gefe. Fetur ba ya cire ruwa, ba ya cire dauɗa, to me ya gyara?

Irin haɗin da wasu 'yan bumburutu ke yi kenan don riba, gidaje nawa aka ƙone a ƙasar nan saboda shi. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ma kar ki sa mata kananzir, in kuma kin ji ƙaurin fetur a wanda kika sayo, kar ki kunna. Ki ja maƙwabciyar taki gefe ki faɗa mata yau ɗin nan, kafin a ɗauke wuta da dare ta gwada a ɗakinta.