Tambaya da Amsa: Daga Zanen Katin Biki Zuwa Tsara Fuskar Manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai aiki a wani shagon buga takardu a Sabon Garin Zariya, inda nake zana katin gayyatar biki da fastocin 'yan siyasa da kalandar makarantun Islamiyya, duka da CorelDraw. Abokaina sun dame ni da shawarar in koma tsara fuskar manhajojin waya da shafukan intanet, aikin da ake kira UI, wai ya fi samu. Shin abin da na iya zai ishe ni, ko sai na koyi rubuta manhaja tukuna? Kuma ta ina ake farawa? Daga wani mai karatu, Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka iya zai taimake ka ƙwarai, amma ba zai ishe ka ba, kuma giɓin da ya rage ba na rubuta manhaja ba ne kamar yadda kake tsammani. Wanda ya daɗe yana zanen kati ya riga ya san launin da ke zama da ɗan'uwansa, ya san inda babban rubutu zai tsaya da inda ƙarami zai biyo, ya kuma saba da kwastoman da zai ce a sake komai bayan an gama. Duk wannan jari ne. Sai dai ita fasta kallonta ake yi a wuce, fuskar manhaja kuwa aiki ake yi da ita: ana dannawa, ana shigar da lamba, ana jira, ana yin kuskure, ana neman hanyar komawa baya. Saboda haka ma'auninta shi ne ko mutum ya kammala abin da ya kawo shi ba tare da ya kira wani ya taya shi ba.

Ka ɗauki dattijon da ke tsaye a bakin titi a Ƙofar Doka da tsakar rana, riƙe da ƙaramar Itel mai tsagaggen gilashi, yana so ya tura wa ɗansa da ke karatu a Samaru kuɗin abinci. Matakan ba su da yawa: lambar asusu mai alƙaluma goma, sunan banki, adadin kuɗi, sai lambar sirri. Amma a kowane mataki akwai hukuncin da mai tsara fuskar ya yanke tun kafin dattijon ya taɓa wayar. Shi ne ya ce allon lambobi ya buɗe kai tsaye maimakon na haruffa. Shi ne ya ce a raba adadin da waƙafi, don kada 50,000 da 500,000 su yi kama a idon da ya fara gajiya. Shi ne kuma ya sa sunan mai karɓa ya fito ɓaro-ɓaro kafin a nemi lambar sirri, domin kuɗin da suka faɗa asusun baƙo ba a cika dawo da su cikin sauƙi ba.

Babban hukuncin dai yana wurin da sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki. Idan abin da dattijon yake gani 'yar da'ira ce kawai tana ta juyawa, zai ɗauka abin bai tafi ba, ya sake dannawa, kuma yana yiwuwa kuɗin su fita sau biyu. Mai tsari na gari zai kulle maɓallin bayan dannawar farko, ya rubuta cewa ana kan aikawa a ɗan jira, sannan a ƙarshe wayar ta faɗa a sarari ko kuɗin sun fita ko ba su fita ba, da abin da mutum zai yi a gaba. Sabbin shiga wannan sana'a sukan zana fuska guda mai ƙayatarwa, wadda komai ya tafi daidai a cikinta, su tsaya nan. Ƙwararru kuwa mafi yawan lokacinsu yana tafiya ne a kan sauran yanayin: idan babu komai a jerin, idan sunan mutum ya yi tsawo, idan an shigar da lamba ba daidai ba, idan data ta ƙare. Wanda ya ga yadda aka yi a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin kuɗi, ya ga masu kayan miya da 'yan acaɓa sun shiga hulɗa da manhajar kuɗi karon farko ba don suna so ba. Irin waɗannan mutane za ka yi wa aiki.

Akwai ƙa'idojin da aka riga aka daidaita, waɗanda ba sai ka ƙirƙiro su ba. Kamfanin Google ya fitar da jagorarsa mai suna Material Design a 2014, inda ya ce duk abin da za a danna kada ya gaza ma'auni 48 a faɗi da tsawo, wato kusan milimita tara, gwargwadon kan yatsa. Apple kuma ya ce 44 a nasa ma'aunin. Ƙungiyar W3C mai kula da ƙa'idojin intanet ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangon da yake kai ya kai 4.5 bisa 1. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce masu fitowa daga zanen fasta suka fi takawa, domin siririn rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a kwamfutar ofis, amma ranar watan Maris a Zariya tana shafe shi gaba ɗaya. Haka nan kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo, tunda akwai mutane, galibinsu maza, da ba sa bambance ja da kore sosai. A haɗa launin da kalma ko alama.

Idan manhajar da Hausa za ta yi magana, to akwai ƙarin aiki, kuma a nan ne kake da fifiko a kan mai zane da ke zaune a Legas ko Landan. Salon rubutu da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai ka ga akwatin banza ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya sha bamban da 'yan'uwansa. Ka gwada kowane salo da waɗannan haruffa da alamar ₦ kafin ka zaɓe shi. Dangin Noto na Google suna ɗauke da su. Ka kuma bar wa maɓalli fili, domin jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo. Sannan ka tuna cewa da yawa daga cikin mutanenmu sun fi sakewa da saƙon murya fiye da rubutu, wasu kuma ajami suka fi karantawa, wanda daga dama yake farawa, kuma yakan sa a juya tsarin fuskar baki ɗaya.

Game da rubuta manhaja, ba sharaɗi ba ne. Amma ina ba ka shawarar ka san tushen HTML da CSS, harsunan da ake gina shafin intanet da su, don ka fahimci yadda shafi guda yake miƙewa a kwamfuta ya kuma tattaru a waya, dabarar da mai tsara shafukan intanet Ethan Marcotte ya yayata a 2010, kuma don kada ka riƙa miƙa wa injiniya zanen da ba zai ginu ba.

Ka fara da takarda da biro. Ka zaɓi aiki guda da ka sani, misali biyan kuɗin makarantar Islamiyya, ka zana matakansa fuska bayan fuska. Daga nan ka koma Figma, manhajar zana fuska, wadda ita ce yawancin 'yan sana'ar ke amfani da ita yanzu, tana da tsarin kyauta, kuma a cikin burauza take aiki, sai dai tana cin data. Idan ka haɗa samfurin da ake iya dannawa, ka miƙa wayar ga mutum biyar da ba abokanka ba, ka ba su aiki, ka yi shiru. Masanin sauƙin amfani da manhaja Jakob Nielsen ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono mafi yawan matsalolin tsari. Shirun nan shi ne mafi wuya, domin bakinka zai yi ta ƙaiƙayi ka ce ga inda za a danna, alhali duk inda mutum ya tsaya yana dube-dube, nan ne gyaranka yake. Ga mai son karatu a tsare, akwai kwas ɗin Google a dandalin Coursera, akwai shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 wanda wannan fanni yana cikinsa, kuma a nan Samaru Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zanen masana'antu mai reshen zane-zane. Batun samu kuwa, gaskiya ne ƙwararru suna samu, amma masu neman shiga sun yi yawa, don haka kada ka saki shagonka tukuna. Aiki uku da ka bayyana dalilin kowane hukunci a cikinsu sun fi hoto talatin marasa bayani wajen shawo kan mai ɗaukar aiki.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga gida a Tudun Wada. Na biya wani yaro ya yi mini manhaja mai kyau, amma har yau kwastomomina ta WhatsApp suke oda. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ban ga manhajar ba, amma tambayar da ya kamata a yi tun kafin a zana komai ita ce, me take ba kwastoma wanda WhatsApp bai ba ta ba? Mai sayen leshi tana so a ɗaga mata shi a haske ta ga ainihin launinsa, ta tambayi yadi nawa ne, ta taya, a yi mata ragi, ta ji muryar wadda ta amince da ita. Manhaja kuwa tana neman ta sauke ta a wayar da hotuna suka riga suka cika, ta yi rajista, ta riƙe wata sabuwar lambar sirri, duk kafin ta ga ko zani ɗaya. Ba abin mamaki ba ne ta zauna inda ta saba.

Ki kira kwastomomi uku ko huɗu, ki roƙe su su sayi abu guda ta manhajar a gabanki, ki lura da inda suka tsaya. Idan a wurin rajista ne, ki sa yaron ya cire ta, a bar mutum ya ga kaya da farashi tukuna, a nemi lambar wayarsa sai lokacin biya. A ganina ma abin da ya fi dacewa da kasuwa irin taki shi ne shafin intanet mara nauyi wanda ba sai an sauke shi ba, mai hotuna bayyanannu da farashi, kuma a ƙarƙashin kowane kaya a sa maɓallin da zai buɗe hira tsakaninki da kwastoma a WhatsApp ɗauke da sunan kayan. Idan kuma ba ki so a ƙara kashe kuɗi, WhatsApp Business yana da wurin jera kaya da hoto da farashi kyauta, kuma kina iya shirya shi da kanki a yini guda.